Ɗan shekara 14 ba ya iya hira da mutane, ta ina za a fara?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Yaro ne ɗan shekara 14. A waya yatsunsa ba sa hutawa, amma a gaban mutane daga "e" sai "a'a". In tsaransa na hira, gefe yake komawa. Faɗa bai yi amfani ba. Me ya kamata a yi a aikace?

Malamin Aji:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A ajiye faɗan tukuna, kuma a daina amsa tambaya a madadinsa. Duk sanda kika yi saurin cewa "ai shi mai kunya ne", kin sauke masa nauyin, kin kuma liƙa masa suna.

Hira koyonta ake yi, gaɓa-gaɓa. Gaɓar da ta fi ba matasa wuya ita ce shiga zancen da aka riga aka fara. Yawanci yaro faɗowa yake yi da "me kuke cewa?", ko ya kawo wani batu daban, sai a yi masa kallon mai katsalandan, shi kuma ya ɗauka tsanarsa aka yi. Ki koya masa ya tsaya kusa ya saurara har ya gane batun, ya jira a ɗan numfasa, sannan ya jefa gajeriyar magana guda a kan batun. In sun juyo sun buɗa masa wuri, ya ci gaba. In sun ba shi baya, ya janye ba tare da ɓata rai ba. Ki faɗa masa tun da wuri cewa wannan na faruwa da kowa, kada karo ɗaya ya sare masa gwiwa.

Ku gwada a gida, minti 10, sau 2 ko 3 a mako. Ki fara kwaikwayon yadda bai dace ba, ya gano kuskuren da kansa. Dariyar ma tana taimakawa.

Anti Mai Shawara:
Ƙari a kan na Malam. 'Yar'uwa, sauya tambayoyinki. "Ya makaranta?" amsarta "lafiya" ce, shi ke nan. Gwada "wane darasi ne ya fi gundurarka yau?" Sai ki yi shiru ki ƙirga daƙiƙa 10 a zuci. Iyaye da yawa a nan suke faɗuwa, shirun ya ishe su, su cike shi da wata tambayar. Kuma matashi ya fi sakin baki idan kuna gefe da gefe kuna wani aiki, ba a zaunar da shi ana ƙura masa ido ba.

A waje, a bi mataki-mataki: gaisuwa, sai kiran waya na minti 2, sai gayyatar aboki ɗaya rak. Uku sun yi yawa a farko, biyu za su haɗe kai su bar shi.

Ma'aikacin Lafiya:
Hajiya, shirun nan tun yana ƙarami ne, ko kwanan nan ya fara? In kwatsam ne, a binciki tsangwama a makaranta ko ciwon damuwa. A kuma auna jinsa, domin wanda ba ya ji sosai cikin hayaniya gudun taro yake yi. Tsananin fargabar shiga mutane kan soma ne wajen shekara 13. Idan ta kai wata 6, da bugun zuciya, gumi da ƙin zuwa makaranta, a ga masanin halayyar ɗan'adam.

Maman Biyu:
Tun firamare haka yake, likita. Ban taɓa kawo batun kunne a raina ba, da shi zan fara. Na gode.