Ubangidan Bilali na Sapelo: adali ne, ko kuwa jikokinsa ne suka riƙe alƙalamin?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Tunda makon jiya mun taɓo zancen Musulmin da aka kai Amurka cikin ƙangi, ga wata magana da ta daɗe tana cin raina. Thomas Spalding, mai gonakin auduga a tsibirin Sapelo da ke gaɓar jihar Jojiya, wanda ya mallaki Bilali Muhammad, ni a ganina bai kamata a zuba shi a kwando ɗaya da sauran masu bayi ba.

Ga asalinsa a taƙaice. Mahaifinsa, James Spalding, ɗan kasuwa ne daga Sikotilan da ya zauna a Frederica, a tsibirin St. Simons, kuma a can aka haifi Thomas a 1774. Mahaifiyarsa 'yar gidan McIntosh ce. Lokacin yaƙin 'yancin Amurka James ya bi bayan Sarkin Ingila, ya kwashe iyalinsa zuwa Florida, sai da ƙura ta lafa suka dawo. Yana cikin waɗanda suka fara shuka auduga mai dogon zare a gaɓar Jojiya, irin da masaƙun Ingila ke saye da tsada. Thomas ya karanta lauya, ya auri Sarah Leake a 1795, ya samu kudancin Sapelo a 1802, kafin ya mutu kuma mafi yawan tsibirin ya zama nasa. Ya noma auduga da rake, ya shiga majalisar dokokin tarayya, ya shugabanci bankin garin Darien.

Hujjata ita ce, wannan mutum ya ɗauki ragamar ɗaruruwan bayi ya damƙa wa Bilali, Bafulatani Musulmi daga Timbo ta Futa Jallo. Bai hana shi salla ba, bai hana shi azumi ba. A yaƙin 1812 da Ingila ana cewa ya raba wa bayinsa bindigogi kimanin 80 a ƙarƙashin Bilali. Wane azzalumi ne zai miƙa wa wanda yake zalunta bindiga?

Nafisa: Wa alaikumus salam Malam. Da girmamawa, tambayar da ka rufe da ita ce ta fi komai damuna. Bindigar nan don a harbi wa aka bayar? A watan Afrilu na 1814 kwamandan sojan ruwan Ingila, Cochrane, ya yi shela cewa duk bawan da ya gudo wurinsu ya 'yantu. A farkon 1815 sojojinsu suka sauka a tsibirin Cumberland, kudu da Sapelo, kuma mutum kusan 1,500 daga gaɓar nan suka bi su. Wasu sun ƙare a Nova Scotia, wasu a Trinidad, 'ya'ya ba bayi ba. Ke nan bindigar da aka ba mutanen Sapelo ta tare hanyar 'yancinsu ce. Ban ga alheri a nan ba, Malam, dabara na gani.

Malam Habu: Nafisa, ko dabara ce ai tana buƙatar amana. Da yana dukansu kamar jakai, da ranar da bindiga ta shiga hannunsu shi za su fara juyowa kansa.

Ɗanjuma: Ni ina tare da Malam a nan. A tsibiran nan ba a kora mutane gona tun asuba har magariba kamar yadda ake yi a cikin ƙasa. Yanka wa kowa aikinsa na yini ake yi, misali noman rubu'in eka, in ka gama ka tashi. Sauran yinin naka ne, ka noma 'yar gonarka, ka kama kifi, ka kiwata kaji ka sayar. Wannan ai gandu da gayauna ne irin namu. Sannan a guguwar Satumba 1824, wadda ta kashe mutane da yawa a gaɓar, Bilali ya tattara jama'a cikin gine-ginen auduga da rake masu kaurin bango, suka tsira. Spalding ne ya gina su, da ɓawon kawa da aka ƙona aka cuɗa da yashi.

Hajiya Rabi: Ɗanjuma, Spalding ne ya gina, ko hannun bayi ne ya gina? Wa ya kwaso ɓawon, wa ya ƙona, wa ya kwaɓa?

Yankan aiki kuma ba shi ya ƙirƙiro ba, haka duk masu shinkafa da auduga na gaɓar suke yi, kuma don ribarsu ne. Bawan da ke noma abincinsa da yamma ya rage wa ubangida kuɗin ciyarwa. Wanda yake da kaji da 'yar gona da mata da 'ya'ya a tsibirin da ruwa ya kewaye, ina zai gudu ya bar su? Ni 'yar manomin auduga ce, na yi cira tun ina ƙarama har yatsuna suna jini. Ita waccan mai dogon zare ta fi tamu wahala, don ba ta buɗewa lokaci ɗaya, sai an yi ta komawa gona ana tsinta, a gurza a hankali kada zaren ya karye, a zauna a tsince datti da hannu. Mata da yara ne kan wannan aiki. Duk buhun da ya tafi Ingila, sisi bai shiga hannunsu ba.

Baffa Isa: Ku bari in tambayi Malam Habu abu ɗaya. Labarin bindiga, da labarin kirkin ubangida, daga bakin wa muka ji su?

Malam Habu: Daga rubuce-rubucen mutanen yankin, Baffa.

Baffa Isa: To, babba a cikinsu jikansa ne, Charles Spalding Wylly, wanda ya wallafa tarihin gidansu a 1910. Ban ce ƙarya ya yi ba. Amma jika ne yake ba da labarin kakansa, shekara 45 bayan an kawar da bauta, a lokacin da Turawan kudu ke ƙoƙarin nuna wa duniya cewa zamanin nan zaman lafiya ne. In maroƙin gida ya wasa maigida, sai ka ji ta bakin na zaure da na bayan gida kafin ka yanke hukunci.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar shaidar jika, don yana cikin takardun hukuma. Spalding yana cikin waɗanda suka rubuta tsarin mulkin Jojiya na 1798, wanda ya hana majalisa 'yanta bayi ba da yardar iyayengijinsu ba. A Disamba 1850, yana tsoho mai shekara 76, shi ya shugabanci babban taron jihar a Milledgeville, inda suka ce zaman Jojiya cikin tarayya ya rataya ne kan a aiwatar da dokar kamo bayin da suka gudu arewa. Daga taron nan ya dawo ya rasu a Janairu 1851 a gidan Ashantilly, kusa da Darien. Aikinsa na ƙarshe a duniya ke nan. A shekarar ne aka sa wa wata gunduma sunansa.

Ɗanjuma: Baffa, ai mutum ɗan zamaninsa ne. Da ma'aunin yau za mu auna na 1850?

Nafisa: Yaya Ɗanjuma, waɗanda suka shiga kwale-kwale suka bi jiragen Ingila a 1815 ai su ma 'yan zamanin ne. Ba su jira ma'aunin yau ba.

Anti Zulai: Ku yi haƙuri na shigo a makare, yanzu na taso daga aiki. Ni a Atlanta nake, kuma na je Sapelo. Babu gada, jirgin ruwa ake shiga daga wani wuri da ake kira Meridian. Abin da ya tsaya mini a rai ba ƙaton gidan iyayengijin ba ne, maƙabartar Behavior ce, inda zuriyar bayin ke binne nasu har yau.

Baffa ya ce a ji ta bakin na bayan gida, to an ji kaɗan. A shekarun 1930 ma'aikatan gwamnati masu tattara tarihin baka sun zauna da wata tsohuwa, Katie Brown, tattaɓa-kunnen Bilali. Ta lissafa 'ya'yansa mata, a cikinsu akwai Fatima da Madina da Bintu da Margaret da Hester. Ta ce Bilali da matarsa suna salla a kan lokaci, suna jan carbi. Sai ta kawo abin da ya sa ni hawaye: kakarta tana jiƙa shinkafa ta kwana, ta daka a turmi, ta sa zuma ko sukari, ta mulmula ta raba wa yara, sunan abin kuwa "saraka". Jama'a, wannan ba gumbar sadaka ba ce? Ga turmi, ga yara, ga sunan.

Malam Habu: Allahu akbar. To Anti, wannan ai hujjata ce. Da an takura musu, da abin nan bai kai 1930 ba.

Anti Zulai: A'a Malam, duba da kyau abin da ya kai da abin da bai kai ba. Gumba ta kai, sunaye sun kai, karatu bai kai ba. Katie Brown ta tuna sautin kalmomin da kakanninta ke furtawa, ba ta san ma'anarsu ba. Zuwa 1866 zuriyar sun kafa cocinsu na Baftis a tsibirin. Mutumin da ya yi karatun allo a Timbo, ya haifi 'ya'ya da yawa, bai iya kafa ko makarantar zaure ɗaya ba. Dokar Jojiya ta hana koya wa bawa rubutu, a 1829 kuma ta hana koya wa duk wani baƙar fata karatu. An bar tsoho ya yi sallarsa, amma ba a bar shi ya gadar da ita ba.

Baffa Isa: Akwai wani abu da ya haɗa wannan labari da Kano kai tsaye. Bilali ya bar rubutu na Larabci, shafi 13, wanda kafin rasuwarsa ya ba wani marubuci mai suna Francis Goulding. Yanzu yana ɗakin karatu na Jami'ar Jojiya a garin Athens. Turawa sun daɗe suna zaton littafin lissafin gona ne ko tarihin rayuwarsa. Sai Joseph Greenberg, masanin harsunan nan da ya zo bincike ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya nuna wa malamai hotunan shafukan. Da farko suka ce wannan rubutun aljannu ne, saboda haruffan sun cakuɗe, an sa wani a gurbin wani. Da aka natsu sai aka gano sassa na Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda muke karantawa a zaure, da zancen alwala da kiran salla. Ya wallafa wannan a 1940. Masana na baya sun yi gardama ko kwafe ne daga hadda ko kuwa nasa tsarin ne, amma kowa ya yarda fiƙihun Malikiyya ne.

Ku yi tunanin ɗalibin da aka fizge yana tsakiyar karatu, ya shekara hamsin ba malami, ba littafin da zai duba, yana rubuta abin da kunnensa ya riƙe. Cakuɗewar haruffan nan ita ce shaidar abin da aka yi masa.

Ɗanjuma: Na ji wannan, Baffa. Amma kada mu yi kamar mu tsarkaka ne. Ba Bature ne ya shiga Futa Jallo ya kamo shi ba.

Hajiya Rabi: Nan kam gaskiyarka, ɗana. Laifi tudu ne. Mu ma muna da rinji, muna da cucanawa, gandayen Fanisau ba aljannu suka noma su ba. Sai 1901 aka ce duk wanda aka haifa daga nan ɗa ne, bautar kanta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Kakata ta wajen uwa a rinji aka haife ta. Mutanen gidan da suka mallaki iyayenta har gobe cewa suke "ai mun riƙe su kamar 'ya'ya". Ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda a ambaci sunan ƙauyen a gabanta ba. Shi ya sa da na ji Malam Habu ya ce adali, jikina ya yi sanyi, don na san wannan magana, a gidanmu na fara jin ta.

Bambanci ɗaya zan yarda da shi. A nan akwai murgu da fansar kai, akwai 'yantawa don kaffara, ko da ba kowa ya samu ba. A Jojiya tun 1801 doka ta hana ubangida 'yanta bawansa sai majalisa ta amince. Bilali ya riƙe wa mutumin nan dukiya shekaru da yawa, ya ceci rayuka a guguwa, ya mutu bawa.

Malam Habu: Hajiya, Allah ya jiƙan kaka. Na janye kalmar adali, ta yi nauyi. Amma ban janye cewa akwai bambanci tsakanin ubangida da ubangida ba. A 1859 Pierce Butler na tsibirin da ke maƙwabtaka ya sayar da mutum sama da 400 a filin sukuwa na Savannah cikin kwana biyu don biyan bashinsa. Wanda aka raba da 'ya'yansa ranar nan zai gaya miki bambancin ba ƙarami ba ne.

Nafisa: Akwai bambanci, Malam, amma sa'a ce ba haƙƙi ba. Kakan Butler ma ai ana iya cewa ya tara, bai watsar ba, jika ne ya ci bashi. Duk sassaucin Spalding, mutanen nan suna cikin lissafin gadonsa tare da shanu da kwale-kwale, ɗansa Randolph da sauran magada suka raba.

Anti Zulai: Kuma ku bi ƙasar ku ga inda ta tafi. A Janairu 1865, gab da ƙarshen yaƙin basasar Amurka, Janar Sherman na sojan arewa ya ba da umarnin a yanka wa 'yantattu eka 40-40 a tsibiran nan, Tunis Campbell, wani baƙar fata jami'in hukumar kula da 'yantattu, ya zo ya tsara su a Sapelo. Shekara ba ta cika ba Shugaba Andrew Johnson ya juya lamarin, aka mayar wa tsofaffin masu ita. Sai da 'yantattun suka haɗa kuɗi suka sayi fili a Raccoon Bluff a 1871. Magadan Spalding sun yi ta sayarwa, a 1912 attajirin motoci Howard Coffin ya saye mafi yawan tsibirin, a 1934 ya koma hannun R. J. Reynolds ƙarami, magajin kamfanin taba, wanda ya tattaro ƙauyukan baƙaƙe ya haɗe su a unguwar Hog Hammock. Yau kusan duk tsibirin na gwamnatin jiha ne, zuriyar da ke zaune a can ba su kai 50 ba. A 2023 hukumar gundumar McIntosh, wadda tsibirin ke ƙarƙashinta, ta amince a riƙa gina gidaje masu ninkin girman da aka saba a unguwar, su kuwa tsoronsu haraji ya tashi ya kore su. Marigayiya Cornelia Walker Bailey, marubuciya 'yar tsibirin, ita ma jinin Bilali, a kan wannan fafutuka ta ƙare rayuwarta a 2017.

Baffa Isa: Zulai, in kin samu sarari ki nemo mana hotunan shafukan nan 13 daga jami'ar. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya shekara 40 yana karantar da Risala, ina so in kai masa ya duba da idonsa.

Anti Zulai: In sha Allahu Baffa. Athens ba ta da nisa da mu, tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota. Zan tambaya ko suna ba da kwafe.