Wadirob ɗin kwali ta lalace a wajen ƙaura: me kuka yi da taku?

Uwargida, Fadaman Mada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da muka taso daga Jahun, kuma har yau wadirob ɗina tana jingine a zaure falle-falle. Irin wadda ake sayowa a kwali ce, a zo gida a haɗa da ɗan makullin nan mai lanƙwasa. Da ita aka yi mini jere shekara shida da suka wuce, mahaifina ne ya saya da guminsa, shi ya sa na kasa bari a yi waje da ita. Wajen kwancewa ramukan sukuru suka zazzage, ƙasanta kuma dama ya kumbura saboda ruwan goge ɗaki. Kafinta biyu na kira, kowanne ya duba ya ce Hajiya wannan ta gama aiki. Amma ni da idona ina ganin ƙofofi uku lafiya lau, allunan ciki ko ƙwarzane babu. Don Allah duk wanda ya taɓa gyara irin wannan kaya, ko ya mai da shi wani abu daban, ya gaya mana yadda ya yi, har da inda aikin bai yi kyau ba.

Kafinta, Muda Lawal:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abokan sana'ata ba ƙarya suka yi miki ba, rabin magana dai suka faɗa. Mayar da ita yadda take da wuya. Fitar da wani abu mai amfani daga jikinta kuwa aikin yini ɗaya ne.

Ki fara sanin abin da ke hannunki. Wannan allo ba falanki ba ne. Ɓarɓashin katako ne aka cakuɗa da gam, aka matse da zafi, aka lulluɓe da takarda mai santsi. Ki duba bakin da ya karye: in kin ga kamar dusa mai tsakuwa-tsakuwa, shi ne mafi arha, in kin ga lukui kamar gari, MDF ne, ya fi nauyi. Dukansu ruwa ne ajalinsu. In ya kumbura ya kumbura ke nan, ko ki shanya shi a ranar watan Afrilu ba zai koma ba. Saboda haka wurin da ya sha ruwa a yanke shi, inci huɗu ko biyar daga ƙasa, har sai an isa inda yake da tauri. Kafin a sa zarto a manna salatif na takarda a kan layin, a bi layin da wuƙa mai kaifi, sannan a yanka da zarto mai ƙananan haƙora. In ba haka ba fuskar za ta ɓaɓɓalle. Bakin da aka yanka kada a bar shi tsirara, a shafe shi da farin gam ko fentin mai sau biyu, don ta nan ruwa ke shiga.

Ramin sukuru da ya zazzage yana da magani. Ki cika shi da farin gam irin Top Bond, ki cusa tsinken sakace ko ashanar da aka cire wa kai har ramin ya cika, ki bar shi ya kwana, ki datse abin da ya fito, sannan ki mayar da sukuru da sukudireba a hankali. Da kin ji ya kama ki tsaya. Inda zai ɗauki nauyi kuwa, kamar hinjin ƙofa, gara a huda ya fita ta ɗaya gefen a sa bol da noti. Ƙusa kuma kada ta kusanci bakin allon nan, tsaga shi take yi.

Sai abin da mutane suka fi rainawa, wato siririn allon baya. Kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, amma shi ke hana kayan karkacewa. Duk durowar da kika ga tana rangaji, ki leƙa bayanta. Ni nakan cire shi in sa filawud kwata inci. Kafin a ɗaure shi a auna da igiya daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, a sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. In tsawon biyu ya zo daidai, kayan sun miƙe.

Mai ɗinki, Jekadafari, Gombe:
Anti, ƙofofin nan kada ki bari su fita daga gidanki. Tawa ƙofar wadirob ita ce teburin yankana yau shekara biyu. Yadi yana zamewa a kanta sumul, alli kuma da tsumma ɗaya yake gogewa. Da farko a kan kujeru biyu na ɗora ta, kafin wata guda tsakiyar ta lotsa. Sai na kai wa mai walda awo, ya yi mini firam na ƙarfe mai ƙafa huɗu da sanda biyu a tsakiya, muka huda muka ɗaure da noti. Tun daga nan ba ta sake motsi ba. Ƙofar mai madubi kuma na kafa ta a bangon shago, masu gwada kaya suna dubawa. Kuskurena ɗaya, na taɓa yin guga a kan teburin, ko da na shimfiɗa zane. Zafi da tururi suka ɗaga fuskar ta yi ƙuraje, tabon yana nan har gobe. Guga a nemi wani wurin.

Malamin sakandare, Yelwa:
Malam kafinta, Allah ya saka da alheri, bayanin allon baya ya warware mini abin da na daɗe ban gane ba.

Ni kantar littattafai ce. Na loda mata ƙamus-ƙamus da littattafan tafsiri, kafin shekara kowane allo ya yi ciki kamar kwale-kwale. Faɗinta ya haura santimita 80, kuma irin wannan allo ba ya jure nauyi a tazara mai yawa haka. Na kife allunan, cikin ya koma sama, na sayo siraran falanki a kasuwar katako na ɗaura ɗaya a ƙarƙashin kowane allo ta gaba, a tsaye da gefensa ba a kwance ba. A tsaye yake da ƙarfi. Wata kanta ta biyu da ba ta gyaru ba sai na kwantar da ita a gefenta ƙarƙashin taga, na sa mata 'yan ƙafafu shida na katako, na ɗora filawud a sama, tela ya ɗinka wa soso riga. Yanzu a kai yara ke zama su yi tilawa, jakunkunansu da takalmansu na makaranta suna cikin ramukan ƙasa.

Na taɓa bin tarihin wannan kaya don in san dalilin rauninsa. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1943, shi ya yaɗa shi a duniya, bayan da a 1956 wani ma'aikacinsu ya cire wa tebur ƙafafu don ya shiga mota. Manufar ita ce rage kuɗin dako da na ajiya. An tsara shi ne a haɗa a bar shi wuri ɗaya. Mu kuwa 'yan haya ne, bana Yelwa, baɗi Tirwun, a ɗora a bayan a-kori-kura a bi hanya mai gargada. Namu na kasuwa ma galibi daga Chana ne da Turkiyya, amma tsarin ɗaya ne. Yanzu in zan tashi ba na kwance ƙananan kaya, ɗaure su nake da igiya da bargo a ɗauka a haɗe.

Ma'aikaciyar jinya, Federal Low-cost:
Ina roƙon kowa ya karanta wannan, musamman masu ƙananan yara. Ɗana yana shekara uku ya jawo aljihunan durowa ya taka su kamar tsani, yana son ɗauko rimot. Durowar ta biyo shi. Allah ya kiyaye gefen gado ya tare ta, da goshinsa kawai ya fashe. Har yau in na tuna ƙarar jikina rawa yake.

Kayan nan ba su da nauyi ta baya, nauyin duk yana gaba, wajen ƙofofi da aljihuna. Ba a nan kaɗai ba ne. A 2016 kamfanin da Malam ya ambata ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka bayan da wasu suka faɗo kan yara suka rasu. Maganin abin shi ne ƙarafa biyu masu kusurwa, a ɗaure saman durowar da bango, a huda bulo a sa fisha (robar da ke riƙe sukuru a bango) da dogon sukuru. Mai gidan da muke haya ya so ya hana huda bango, maigidana ya je har gida ya nuna masa tabon yaron, ya yi alkawarin toshe ramukan da siminti ranar tashi. Nan take ya yarda. Wadda kuma za a yanke wa ƙasa a sa wa ƙafafu, ita ta fi buƙatar wannan ɗaurin. Kaya masu nauyi a ajiye su a ƙasa, talabijin da abin da yaro ke kwaɗayi kada su hau sama.

Kafinta, Muda Lawal:
Gaskiya ne Hajiya, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Ƙari ɗaya: wajen ɗaurewa a bar tazarar yatsa biyu tsakanin kayan da bango, a sa ɗan guntun katako a wurin ƙarfen kawai. Bangon da ke jiƙa da damina yana ba allo laima, gara kuma ta bango take hawowa ta shiga ta baya ba a sani ba. In da tazara za a iya haska tocila a duba.

Ɗalibi, Gwallameji:
Ni aljihuna biyu na tsinta, wani ɗan ajin ƙarshe zai zubar. Na sa wa kowanne ƙananan tayoyi huɗu, na tura ƙarƙashin gado. Ɗaya kayan abinci, ɗaya takardu. Ƙasan aljihun siriri ne, don haka a jikin katakon gefe na ɗaura tayoyin. Ɗakin ya samu fili sosai.

Amarya, Tumfure, Gombe:
Maganar fenti ba wanda ya taɓo, bari in faɗi abin da ya same ni. Kabad ɗina ruwan ƙasa ne mai duhu, ni kuma fari nake so. Na shafa masa ragowar fentin bango kai tsaye. Bayan kwana uku da farce ake ɓare shi kamar ɓawon albasa, bakin allon da ya sha fentin ruwa kuma ya ɗan tashi. Na yi kuka ranar, don kayan aurena ne.

Yayana ne ya nuna mini hanya. A wanke maiƙo da tsumma mai ɗan danshi, a bushe, a bi fuskar da samfefa mai laushi sama-sama har ƙyallin ya mutu, ba wai a cinye takardar ba. A share ƙurar tas. A shafa fentin ƙasa, wanda masu fenti ke cewa andakot, ya kwana. Sannan fentin mai, siriri-siriri sau biyu, kowanne a bar shi ya bushe sosai. Mun yi sa'a lokacin damina ta ɗauke, hunturu bai sauka ba. Ƙawata da ta yi nata a watan Janairu ƙura ta manne wa fentin, ya fito da kaushi. Takardar mannawa mai zanen mabul kuma na gwada ta a saman teburin madubi. Ta yi kyau, amma da zafin Maris ya shigo sai gefunanta suka fara ɗagowa, sai da na bi su da Evo-Stik. Na kuma canza hannuwan ƙofa na roba zuwa na ƙarfe. Wannan ɗan canjin ya fi komai fito da kabad ɗin.

Dattijo, Azare:
'Ya'yana, ni ra'ayina daban. Gadon madaci da aka yi wa iyalina tun muna samari yana nan daram, jikoki na hawa. Duk wannan gam da tsinke da ake faɗa, da an tara kuɗin an ba kafintan unguwa ya yi na katakon gaske, da an huta, shi ma ya samu na cefane. Iyaye masu aurar da 'ya'ya su daina bin ƙyalli.

Malamin sakandare, Yelwa:
Baba, maganarka dutse ce, kuma wanda zai saya sabo ya kamata ya ji ta. Sai dai madaci mai kyau yanzu ya yi wuyar samu, tsadarsa kuma ta fi ƙarfin albashin da yawanmu. Kayan nan sun riga sun shiga ɗakunan 'ya'yanmu, da kuɗin da iyaye suka sha wahala suka tara. Abin da muke nema shi ne kada kuɗin ya tafi a banza.

Mai kiwon kaji, Bayara:
Ni nawa bai yi ba, gara in faɗa. Na yi wa 'yan tsaki akurki da allunan tsohuwar durowa. Ruwan sha da kashinsu suka jiƙa ƙasan, cikin sati uku ya ruɓe yana wari, ga shi ba ya wankuwa. Kada kowa ya gwada shi a wurin dabba ko a tsakar gida. Ragowar kuma matata ta sa a murhu, hayaƙin ya sa mu hawaye da tari har dare.

Kafinta, Muda Lawal:
Alhaji, don Allah kada a sake ƙona shi, balle a dafa abinci a kai. Gam ɗin da aka matse shi da shi yana da sinadarin fomaldihaid, ga roba da fentin fuskar. Ko wajen yankawa ma, musamman MDF, a fita waje, a rufe hanci da takunkumi, a kori yara daga wurin.

Uwargida, Fadaman Mada:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya Asabar ni da ƙanena muka shimfiɗa allunan a tsakar gida muka ware su. Biyu sun ruɓe har sama, mun ajiye wa masu kwashe shara. Gefuna biyu da muka yanke wa inci biyar sun fito da tauri, da su da allunan ciki muka tayar da kanta mai hawa huɗu a sito, bayanta filawud, igiyar awo ta zo daidai a karo na biyu. Ƙarfen bango na saya guda biyu, Hajiya ma'aikaciyar jinya, gobe mai huda zai zo. Ƙofar madubi za ta shiga ɗakina. Sauran biyun ina so in yi teburin kicin da su, in sa tayil a sama. Malam kafinta, tayil zai kama wannan fuskar mai santsi, ko sai na fara shimfiɗa filawud? Kuma tazarar nawa zan bari tsakaninsa da risho?