Na haɗa hoto da muryar mahaifina, sai mutane suka daina kallon hoton

Hadiza:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu haɗa hoto da sauti a aikinsu. Mahaifina ya rasu bara. Kwana biyu bayan rasuwar na ɗauki hoton teburinsa yadda ya bar shi: tabarau a kan littafi a buɗe, ƙafar tabarau ɗaya an ɗaure ta da zare, hasken taga ya faɗo a kan rabin shafin. A wayata kuma akwai muryarsa ta daƙiƙa 40, yana magana yana dariya, tari ya katse shi. An ba ni gurbi a wani ƙaramin baje kolin hotuna, sai na ce bari in haɗa su.

Mutum biyar na gwada wa a gida. Kowannensu da zarar muryar ta fara sai ya sunkuyar da kai, wata ma ta rufe ido. Ba wanda ya lura da zaren nan, alhali saboda shi na ɗauki hoton. Abin ya dame ni ƙwarai. Dole ne sauti ya danne hoto?

Malam Sani:
Wa alaikis salam. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Murya tana tafiya da lokaci, wanda ya bar ta ta wuce ya rasa ta, hoto kuwa yana nan yana jira. Shi ya sa hankali yake bin kunne. Amma akwai dabara. Janet Cardiff, wata mai fasaha 'yar Kanada, ta yi wani aiki a 2004 a lambun Central Park na birnin New York mai suna Her Long Black Hair. Ana ba ka abin sauraro na kunne da 'yan hotuna a hannu, kana tafiya muryarta na gaya maka inda za ka bi. In ka isa wani wuri sai ta ce ka fito da hoto kaza ka ɗaga shi daidai inda aka ɗauke shi, ka kwatanta da abin da ke gabanka. Kin ga a nan sautin ne yake tura ido zuwa hoton. Muryar mahaifinki ba ta aika kowa ko'ina ba, ta isa da kanta.

Injiniya Bello:
Ni ta ɓangaren na'ura zan shigo. Farkon sautin ɗan Adam da aka adana, don ido aka adana shi. Wani Bafaranshe, Édouard-Léon Scott de Martinville, ya yi rajistar na'urarsa a 1857, shekara 20 kafin garmahon Edison. Mutum ya yi magana a bakin mazurari, wani siririn tsinke ya riƙa karkarwa yana zana layi a takardar da aka turara da baƙin hayaƙin fitila. Nufinsa a karanta layin, bai yi tunanin a sake jin sa ba. Sai a 2008 masu bincike a Amurka suka ɗauki hoton wata takardarsa ta 1860, kwamfuta ta mayar da layin sauti, aka ji mutum yana rera waƙa.

Wani mai fasaha, Christian Marclay, shi ma wajen 2008 ya riƙa warware zaren kaset yana shimfiɗawa a kan takarda mai sinadarin da haske ke mayarwa shuɗi. Inda zaren ya rufe sai ya fito fari, a cukurkuɗe. Waƙa ce a gabanka, amma ba ka jin ko ƙis. Ki yi tunanin buga zanen igiyar muryar, wato layin hawa da saukar sautinta, ki rataye kusa da hoton.

Hadiza:
Na gode Injiniya, tarihin ya burge ni. Sai dai zanen igiyar sauti bai yi mini ba. Na kowa iri ɗaya ne a idona, ba zan gane mahaifina a ciki ba.

Anti Rabi:
Hadiza, 'yata, ajiye muryar tukuna, taki ce. Koma ɗakin a daidai lokacin da kika ɗauki hoton, ki ajiye waya a kan teburin, ki fita ki bar ta minti goma. Ki ɗauki abin da ɗakin yake faɗa yanzu da ba ya nan. Kuma kada ki ba mutane abin sawa a kunne, yana raba su da bangon. Ƙaramar lasifika a bayan firam, ki rage ta sosai har sai mutum ya matso kafin ya ji.

Hadiza:
Anti, jiya na yi yadda kika ce. Abin da ya shiga: agogon bango, labule yana gogar katakon taga, da wata ƙofa da aka rufe can nesa a minti na shida. Na kira yayana ban gaya masa komai ba. Ya matso don ya ji, har numfashinsa ya taɓa gilashin firam ɗin. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Ashe bai taɓa canza tabaran nan ba. Ni na ɗaure masa zaren."