Kumburin targaɗe a maganin gargajiyar Sin

A wata tattaunawa da aka yi kan kumburin targaɗe, yawancin masu magana sun ce likitocin gargajiya na ƙasar Sin suna ɗaukar kumburin rauni a matsayin jini ne ya kwanta. Shi ya sa ba sa son ƙanƙara, wai sanyi ƙara daskarar da jinin yake. Sukan kwaɓa garin wani haɗin magani mai suna San Huang San su shafa a kwanakin farko. In zafi ya lafa, sai Dit Da Jow da 'yan kung fu ke murzawa: saiwoyi ne aka jiƙa cikin barasa, ba a sa shi kan buɗaɗɗen ciwo. An ambaci garin maganin rauni na Yunnan Baiyao ma, wanda wani mai maganin gargajiya, Qu Huanzhang, ya haɗa a 1902. Shawarar da ta fi kwanta mini a rai ita ce, in ƙafa ta ƙi takuwa, a je asibiti a ɗauki hoton ƙashi kafin a fara tausa.