BMW 335i 'yar Kwatano tana zafi: a gyara ko a sayar?

Tambaya:
Assalamu alaikum. 335i ce ta 2008, injin N54. Tana zafi a cunkoson Nyanya, ga baƙin mai yana ɗiga ta gaban inji. Ina za a fara?

Makaniki a Apo:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ajiye ta tukuna. Famfon ruwanta na lantarki ne, kuma yakan mutu ba sallama. A sa mata kwamfuta kafin a kwance ko ƙusa ɗaya. In famfon ne, a canza shi tare da tamostat (abin da ke daidaita zafin inji), sabo, ba na gwanjo ba. Kada kowa ya ce a cire tamostat saboda zafin Abuja.

Mai sayar da kayan gyara:
Yoyon ya fi ba ni tsoro. Galibi gasket ɗin gidan matatar mai ne, wato robar da ke hana mai yoyo a wurin. Man yana jiƙa bel, bel ya zame ya tsinke, guntayensa su kutsa ta sil ɗin gaban kiranshaf (babban ƙarfen da ke juyawa a cikin inji) su toshe rariyar famfon mai. Daga nan inji ya buga. Gasket ɗin ba tsada. A canza bel, a zuba baƙin mai 5W-40 na sintetik, lita 6.5.

Wani makaniki:
Yallaɓai, a gwada kwamfureshan (ƙarfin matse iska) na silinda shidan injin, don a gane ko zafin ya yi ɓarna. In zafin ya riga ya lanƙwasa kan inji, sayarwa ta fi.