Hali Zanen Dutse Ne? Abin da Aka Tattauna a Majalisa

Daren jiya bayan Isha'i, a teburin mai shayi a Tudun Wada, gardama ta kaure kan ko ibada na sauya mutum. Wani direban Keke Napep ya ce hali zanen dutse ne: maƙwabcinsa bai taɓa rasa sahun farko ba, amma har yau bashi ba ya fita hannunsa.

Dattijon da muke kira Baba ya ajiye kofinsa, ya kawo Suratul Ankabut aya ta 45, cewa salla tana hana alfasha da abin ƙi. Ya ce matsalar ana yin ta jiki a masallaci, zuciya tana Kasuwar Barci. Shawararsa: ka zaɓi hali ɗaya, misali fushi, ka yi alwala duk sanda ya taso. Ka riƙe ƙaramin aiki mai ɗorewa, kamar azumin Litinin da Alhamis. Tahajjudin goman ƙarshe da ake watsarwa bayan Sallah bai isa ba.

Wani tela ya ƙara da sauya abokan zama. Ni dai maganarsa ta gaba ta fi kama ni: in kana son sanin ko ka canza, tambayi matarka.