Neman kalma: me za mu kira "cire perdue", aikin da ake zuba dokin tagulla da mahayinsa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ga kalma tana neman suna. Dabarar da ake bi a yi mutum-mutumin doki da mahayinsa da tagulla, irin na Sarki Markus Oriliyas da ke Rum, Faransawa na ce mata "cire perdue", Ingilishi kuma "lost wax". In aka bi kalma da kalma sai a ce "ɓataccen kaki", amma kunnena bai karɓa ba. Haka shi kansa abin: gunkin doki za a ce, ko sassaƙen doki?

Malamar Fasaha: Wa alaikumus salam. Tambaya ta biyu ta fi sauƙi, mu kawar da ita. Gunki abin bauta ne, Markus Oriliyas kuwa ba bauta masa ake yi ba. Sassaƙa ragewa ce, a ɗauki gungume ko dutse a yi ta cirewa har siffa ta fito. A tagulla ba a rage komai, ginawa ake yi sannan a zuba. A ce mutum-mutumin mahayi ya wadatar, don mahayi ba ya rasa abin hawa. In ana son fayyacewa a ƙara "na tagulla".

Baba Maƙerin Fari: Malama ta yi daidai. "Ɓataccen kaki" kuma a jefar da shi, mai ji zai ɗauka kakin ne ya lalace. Sunan sana'ar yana nan tun kaka da kakanni: zubi. Abin da ya rage a san wane irin zubi, don akwai na yashi, wanda masu tukunyar alminiyam ke yi. Ga yadda wannan yake a ƙaramin aiki. A gina cikin da yumɓu a bar shi ya bushe. A lulluɓe shi da kakin zuma, a fitar da ido da geza da linzami a jikin kakin. A shafa yumɓu mai laushi kamar kunu, ya bushe, sannan a ɗora mai kauri da aka kwaɓa da kashin jaki don kada ya tsage. A gasa, kaki ya narke ya tsiyaye ta kafar da aka bar masa. Gurbin da ya bari shi ruwan ƙarfe ke cikawa. In ya huce a fasa yumɓun, shi ya sa mazubi ɗaya aiki ɗaya yake haifa. Haka masu zubi na Bini da Bida da Wagadugu ke yi, haka Kotoko na bakin tafkin Cadi suke zuba 'yan mahayansu ƙanana da ake riƙewa a tafin hannu. Ni dai na ce zubin kaki.

Ɗan Jarida: Baba, ranku ya daɗe, ba musu nake ba. Amma "zubin kaki" ba zai sa a ɗauka kakin ake zubawa ba, kamar masu yin kyandir? Mun saba jin zubin tagulla, zubin azurfa, wato kalma ta biyu ita ce abin da ake zubawa.

Malamar Fasaha: Wannan gyara ne mai ƙarfi. To a sa kalmar da Baba ya faɗa da bakinsa: gurbi. Zubin gurbin kaki. Ta faɗi aikin duka, kaki ya tashi, ƙarfe ya gaje gurbinsa. Ta fi ta Turawan ma bayani.

A babban aiki akwai matakin da Baba bai ambata ba, kuma yana buƙatar suna. Dokin da ya kai girman mai rai ba a gina shi da kaki kai tsaye. Da yumɓu ake gina shi a kan ƙarafa, a shafa masa roba mai ruwa ta ɗauki siffarsa, a tallafe robar da filasta ta baya. A ɓare, a shafa narkakken kaki a cikin robar har kaurinsa ya kai milimita 5 zuwa 6. Wannan kaurin shi ne kaurin tagullar, ba ƙari ba ragi, don mutum-mutumin holoƙo ne. Ana raba shi gunduwa-gunduwa: kai da wuya, ƙafafu, wutsiya, gangar jiki kashi da dama, mahayi daban, takobi da linzami daban. Kowace gunduwa a liƙa mata sandunan kaki da za su zama hanyar ƙarfe da hanyar iska, a riƙa tsoma ta cikin ruwan yumɓu na musamman ana barbaɗa yashi, sau bakwai zuwa goma, kowane sawu sai ya bushe. Don haka mazubi biyu ne. Na roba ana iya maimaita shi, na yumɓu fasa shi ake yi. Ina ba da shawarar uwar mazubi ga na farko, ɓawo ga na biyu.

Baba Maƙerin Fari: Ɓawo ya zauna, don ɓare shi ake yi kamar na gyaɗa. Hanyar da ƙarfe ke bi a ce maƙogwaro da jijiyoyi, ta iska a ce mashaƙa. Kada a raina mashaƙa. In iska ba ta sami mafita ba, ita ce ke tare ƙarfe, a fasa a tarar kunnen doki bai cika ba. Curin yumɓun da ke ciki a ce masa ciki kawai. Kusoshin da ake sokawa su riƙe shi su ne matokara, don da kaki ya fita ba abin da ke raba ciki da ɓawo sai su. In suka yi kaɗan, ciki ya gusa, gefe ɗaya ya yi kauri, ɗayan ya fito kamar takarda ko ya huje.

Babban abokin gaba danshi ne. Ɓawon da bai gasu ba, ruwan ƙarfe na taɓa shi tururi ya tashi, ko ya yi aman wuta a kan masu zubi, ko aikin ya fito da ƙananan ramuka kamar zanzana. Ɓawo da zafinsa ake zuba masa, kuma a zuba a tashi ɗaya. In aka tsaya aka ci gaba, na farko ya soma daskarewa, na biyu ba zai haɗu da shi ba, sai a ga layi. Wannan layin nan ne wurin karyewa.

Injiniya: Ga lissafin ga mai son sa shi cikin rubutu. Tagulla na narkewa wajen digiri 950 a ma'aunin Salshiyas, amma ana zuba ta tsakanin 1,100 da 1,200 don ta gudana cikin siraran wurare. Ta fi kaki nauyi kusan sau tara, don haka a auna kakin tare da jijiyoyinsa, kowane kilo ɗaya a tanadi kilo 10 na ƙarfe. Murabba'in mita ɗaya mai kaurin milimita 6 yana kai kilo 53. Tana kuma ƙanƙancewa da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari in ta huce, shi ya sa gunduwoyi kan ƙi haɗa baki a wurin walda sai an yi musu gyara, kuma inda kauri ya haɗu da siriri nan take yagewa.

Sai dai akwai rikici a kalmar tagulla kanta. Muna cewa lambar tagulla a wasanni, muna kuma kiran jan ƙarfe tsantsa tagulla, har da na tasoshin Bida.

Malamar Fasaha: Rikicin ba namu kaɗai ba ne. Kayan fadar Bini da sojan Ingila suka kwashe a 1897, duniya na kiransu da sunan gamin jan ƙarfe da kuza, alhali yawancinsu gamin jan ƙarfe da tutiya ne. Na Igbo-Ukwu da ke Jihar Anambra, na wajen ƙarni na 9, su ne ke da kuza da dalma. Ba sai mun ƙirƙiri baƙuwar kalma ba. Jan ƙarfe ga tsantsa, tagulla ga gami. In bayani ya buƙaci rarrabewa a ce tagullar kuza, wadda kusan kashi 90 jan ƙarfe ne, 10 kuza, da tagullar tutiya mai ruwan ɗorawa. Manyan ma'aikatun zubi na yau sun fi amfani da tagullar silikon, mai jan ƙarfe kusan kashi 95, don ta fi karɓar walda.

Mai Fassara: Madalla. Saura "armature", ƙarafan da ke ciki. Na ga wani ya rubuta kwarangwal.

Injiniya: Kwarangwal na kawo gawa a rai. Ƙashi ya ishe mu, kuma iri biyu ne: ƙashin gini, wanda ke riƙe yumɓu a ɗakin aiki a jefar da shi daga baya, da ƙashin tsayuwa, wanda ke zama cikin tagullar har abada. Na biyun shi ne duk wahalar doki. Nauyi yana sama, ƙafafu sirara, ga mahayi ya ƙara tsawo iska ta sami abin turawa. Donatello, mai fasaha ɗan Italiya, a dokin jarumi Gattamelata na birnin Faduwa da ya gama a 1453, ƙwallo ya sa ƙarƙashin kofaton da aka ɗaga don ya taka wani abu. Dokin da ya yi taɓarya, wato ya ɗaga ƙafafun gaba biyu, ya fi wuya. Na Sarki Filib na Huɗu a Madrid, aikin Pietro Tacca na wajen 1640, an cika bayansa da ƙarfe aka bar gaba holoƙo, wutsiya ta zama ƙafa ta uku, ana kuma danganta shawarar ga Galileo. Na Sarkin Rasha Fita Babba a birnin San Fitasbag, wanda aka buɗe a 1782, macijin da dokin ke takawa ba ado kaɗai ba ne, yana cikin abin da ke tallafe nauyin.

A da baƙin ƙarfe ake sawa. Ruwa ya shiga, ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta tsaga ƙafar daga ciki. Yanzu ƙarfen da ba ya tsatsa ake sawa, ya bi ta cikin ƙafa ya fito ta kofato, ya shiga dakalin kankaren da za a ɗora dokin a kai. A bar kankare ya yi kwana 28. A zana wurin kofatai a kan falanki a huda ramukan ƙarafan a dakalin da shi, kada a dogara da awon tef, don kuskuren santimita ɗaya ya isa a dawo da doki ƙasa. A ɗaga shi da majanyi mai faɗi ta ƙarƙashin ciki, ban da sarƙa, ban da ɗaurewa a ƙafa ko wuya. A cika ramukan da gam mai ƙarfi. Sannan a tabbata an huda ƙananan kafofi a ƙasan ciki da kofatai, don raɓa na taruwa a ciki ko ba a yi ruwan sama ba.

Ɗan Jarida: Tun da an zo kan ƙafafu, zancen nan da ake yaɗawa cewa ƙafa biyu a sama na nufin mahayin ya mutu a fagen yaƙi, ba ƙa'ida ba ce. Dokin tsohon shugaban Amurka Andrew Jackson a Washinton, na 1853, taɓarya ya yi, shi kuwa a gidansa ya rasu a 1845.

Mai Fassara: Ta ƙarshe, "patina". Tsatsar tagulla?

Malamar Fasaha: A'a, tsatsa ci take yi, wannan kuwa rufi ne mai kare abin da ke ƙasa. Kuma da gangan ake yin sa: a ɗumama tagullar da wuta, a shafa maganin farar wuta ya ba da ruwan ƙasa mai duhu, ko na jan ƙarfe ya ba da kore, sannan a rufe da kaki, a riƙa sabunta kakin sau ɗaya ko biyu a shekara. Wannan rini ne. Rinin tagulla ga wanda hannu ya yi.

Baba Maƙerin Fari: Wanda shekaru suka yi da kansu kuma ba rini ba ne, tun da ba marini. A ce masa koren tsufa. Amma ku raba shi da wani kore mai haske, mai gari-gari kamar alli, wanda gishiri da danshi ke kawowa. Shi wannan ci yake yi har ya huda, shi za ku ba sunan tsatsar tagulla da Malam ya kawo.

Mai Fassara: Na rubuta: mutum-mutumin mahayi, zubin gurbin kaki, uwar mazubi, ɓawo, mashaƙa, matokara, ƙashin gini da ƙashin tsayuwa, rinin tagulla, koren tsufa. Baba, kun yarda a bar "gurbin" a ciki?

Baba Maƙerin Fari: A takarda ku bar shi. A maƙera dai, ga wuta na ci, zubin kaki za ku ji an ce.